Abujar Gwaggo Adiza

Tun da na dawo ba ku bar ni na huta ba. A Islamiyya tambaya, a gidan suna tambaya, har Maman Ummi ta biyo ni bakin famfo wai in gaya mata ko da gaske ruwan teku gishiri ne. Gishiri ne, na ɗanɗana na tofar. To ku zauna in ba ku labarin sau ɗaya daga tushe, don na gaji da gutsuttsura shi. Na kuma ji abin da ake faɗa a unguwar Wambai, wai Rabi ta tsufa ta tsiri yawon duniya saboda bango. E, saboda bango na je, kuma gobe ma in ta kama zan koma.

Kun san zauren gidanmu, tsohon nan na ƙasa da aka yi wa rufin kwano. A cikinsa, saman ƙofar shiga gida, akwai zane: dagi a dama, dagi a hagu, igiya a murɗe ta zagaye su, a tsakiya kuma an liƙa farantin tangaran. Ƙanen kakanmu ne ya yi shi, Audu Magini, kafin ya bi fataken goro ya yi kudu. Bai dawo ba, ba a kuma sake jin ɗuriyarsa ba. Iyakar abin da muka sani a kansa ke nan.

Bara Yaya Isa, babban wanmu, ya ce za a sa tayil a daɓen zauren. Ya kawo wani ɗan Togo mai suna Mumuni, cikin masu aikin gini a Abuja da suke haya a nan Suleja, unguwar Bagama. Na fito zan tafi kasuwa na tarar da mutum tsaye, ya bar siminti yana bushewa, ya ɗaga kai yana kallon zanen.

"Hajiya, kai ne mai gidan nan?" in ji shi.

Na ce, "Kai wa? Ka ga gemu a fuskata?"

Ashe haka Hausarsu take, ba ruwansu da mace ko namiji, kowa "kai" ne, kowa "shi" ne. Zan riƙa gyara muku maganarsu don kada ku ruɗe kamar yadda na ruɗe.

Ya ce, "Kakata tana zana wannan a ƙasa da yatsa. Ta ce haka yake a gaban gidanmu na Aneho, can bakin teku, kafin gishiri ya cinye shi. Babanta ne ya yi, Audu, mutumin Abuja." Sai ya yi wata 'yar dariya ta jin kunya. "Amma ba wanda ya yarda da ita."

Na ajiye jakar kasuwa na ce ya faɗa min dalili. Kakar tasa sunanta Adiza, wato Hadiza a bakinsu. Babban ɗanta Salifu, kawun Mumuni, ya taɓa yin tattaki har Abuja neman dangin kakansa. Ya yi ta bulayi tsakanin Garki da Wuse yana tambayar gidan tsofaffin maginan Abuja, ana yi masa dariya. Wani ya ce masa, malam, garin nan jiya-jiya aka gina shi a kan idonmu. Salifu ya koma gida a fusace, ya faɗa a gaban mutanen zangonsu cewa uwarsa tatsuniya take yi, garin da take cewa an haifi ubanta ko shi Salifu ya girme shi. Daga nan aka fara raɗe-raɗin Audu ba shi da asali, ƙila ma gudowa ya yi daga wani wuri ya laƙa wa kansa gari. Zanen ma aka ce ƙarya ne, tun da duk waɗanda suka gan shi da ido sun mutu sai ita kaɗai. Yanzu kuma Salifu ya sayi tayil zai rufe gaban gidan baki ɗaya, ya kira Mumuni ya je ya yi aikin.

Na ce, "Kai Mumuni, a ina kake kwana?"

"Bagama, Hajiya."

"To a Abuja kake kwana, sakarai! Nan ce Abuja!"

Ku kun sani, amma shi sai da na zaunar da shi. Mu ne Abuja tun kaka da kakanni. Da gwamnati ta tashi gina sabon birninta, sunanmu ya yi mata, ta ɗauka, mu kuma muka koma Suleja. Babana har ya bar duniya in ya ce Abuja nan yake nufi. Wato an ɗauke mana suna, mu ba mu ji ciwo ba, ciwon ya tsallaka ƙasa biyu ya faɗa kan wata tsohuwa aka mayar da ita maƙaryaciya.

Da na gaya wa Yaya Isa zan bi Mumuni, sai ya cire tabarau ya dube ni.

"Rabi, lafiyarki kuwa? Ki ba shi hoto a waya ya kai musu."

Na ce, "Yaya, mutumin da ya ƙaryata uwarsa a bainar jama'a hoto zai saurara? Sai ya ga mutum."

"Ke da ko Lakwaja ba ki taɓa wucewa ba?"

"Yau zan wuce."

Ya ce mijina da yana raye ba zai bar ni ba. Na ce Allah ya ji ƙan Malam, da yana raye shi zai riƙe min jaka.

Kun san sana'ata ɗinkin zanin gado ce, ɗaukar zane daga wani abu zuwa wani ba baƙon abu ba ne a wurina. Na sayi farin alawayyo, muka manna shi a bangon zaure, na bi shi da gawayi ina gogawa har dagin ya fito, sannan na sauko da shi na bi layin da shuni. Na naɗe shi na rungume, don ban yarda a sa min shi a but ba.

Mun tashi da sassafe, ni da Mumuni da matarsa Fati. A cikin bas ɗin Legas na samu maƙwabciya, wata Bayarabiya mai jiki, 'yar kasuwa. Ta dubi farin ƙyallen da ke cinyata, ta dube ni, ta dafa ƙirji ta fara yi min ta'aziyya. Ta ɗauka likkafani ne zan kai. Na yi ta bayani da guntun Turancina, ba ta gane ba, sai ƙara tausaya min take yi. A Lakwaja ta saya min soyayyen kifi da ruwan sanyi wai in daure in ci. Na ci mana. Fati kuwa tun daga Okene take amai, ga wani mai tallan magani ya tsaya a kanmu yana rantsuwa ƙwayarsa ɗaya tana maganin basur da mantuwa da ciwon hawan jini. Mun sauka a Agege gidan wata 'yar garinmu, 'yar unguwar Hashimi, da take aure a can. Kirki iya kirki, amma ɗakin zafi kamar an rufe mu a tukunya, kuma mutanen Legas ba su san ana kashe janareta ba.

Washegari muka nufi bodar Seme. Takarduna lafiya lau, har katin rigakafi. Ƙyallen ne ya jawo magana. Wani jami'i a ɓangaren Binin ya sa aka warware shi a kan tebur, ya zagaya ta nan, ya zagaya ta can, ya tambaya da Faransanci. Mumuni ya ce wai yana so ya sani taswirar ina ce. Wani ya leƙo ya ce shi dai asiri ya gani, ya ja da baya. Raina ya ɓaci. Na ce Mumuni ya gaya musu zanen kakana ne, ba sata na yi ba, kuma duk wanda ya sa min hannu mai maiƙo a kai zai wanke shi da kansa. Sai na lura in na yi dogon bayani, Mumuni kalma biyu yake faɗa, har da ɗan rusunawa.

Na ce, "Kai, duka ka faɗa musu?"

"Na faɗi mai amfanin, Hajiya."

Allah ya kawo wata jami'a, 'yar arewacin ƙasarsu, tana jin Hausa. Ta duba sau ɗaya ta ce, "Ai dagi ne, irin na wuyan rigar babana." Ta naɗe min shi da kanta, ta fi ni iya naɗi.

Kwatano garin babura ne. 'Yan acabansu duk rawayar riga, mata kuma da kansu suke tuƙa nasu, da goyo a baya da kwando a gaba, ba wanda ya ko waiwaye su. Na ce da a Suleja ne da an yi mako ana zancen. Burodinsu dogo ne kamar muciya, ɓawonsa ya kusa yanka min dasashi. Daga nan muka shiga ƙaramar mota, muka sake tsallake wata boda muka shiga Togo. Ba a jima ba Fati ta taɓa ni ta ce in duba hagu. Na duba. Ruwa ne ba gaɓa, yana tasowa yana faɗuwa yana ruri shi kaɗai. Na yi salati na ɗauke kai.

Gidan yana ƙarshen zango, babu komai tsakaninsa da teku sai rairayi da wasu manyan duwatsu da aka jibge don tare ruwa. Tsohon gini ne na bulo, tagoginsa na katako, gabansa an shafe shi da koren fenti da ya kumbura yana ɓarewa. Saman ƙofa fili ne fetal, ko layi ɗaya babu. A tsakar gida kuwa ga kwalayen tayil an jera har sun kai ƙuguna.

Aka shigar da ni ɗakin tsohuwar. 'Yar ƙarama ce, yanar ido ta rufe mata gani, haske da duhu kawai take bambantawa. Na durƙusa na gaishe ta, na kira ta Gwaggo, don 'yar ƙanen kakana ce.

Ta ce, "Daga ina?"

Na ce, "Daga Abuja, Gwaggo. Ta asali."

Ta juyar da fuska bango. "An aiko ki ki yi min dariya ke ma?"

Mumuni ya fara bayani da sauri, ta ɗaga masa hannu. Sai ta ce ba tare da ta juyo ba, "Baba ya ce akwai rafin da suke wanka suna yara. Mene ne sunansa?"

Na ce, "Iku."

Sai ta laluɓo hannuna ta riƙe da ƙarfin da ban zaci tana da shi ba. Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi. Ta ce Salifu ya yi tafiyarsa waccan ba tare da ya shawarce ta ba, da ya dawo da abin da ya dawo da shi kuwa ta rantse ba za ta ba kowa sunan rafin ba, kada shi ma a ɓata mata shi.

Aka kawo abinci, tuwon masara da suke kira akume da miyar kuɓewa. Na sa hannu na ji wani abu mai ƙafafu. Kaguwa ce guda, sukutum, da idanunta. Na yi ihu na yarfe hannu, matan gidan suka fashe da dariya, Gwaggo ma har da tari. Su a wurinsu baƙo mai daraja ake sa wa ita. Kafin in bar garin na koyi fasa ta, amma ban koyi son ta ba. Mazansu kuma, manyan dattawa, zani suke ɗaurawa su zauna ƙofar gida ba riga, kai ka ce wanka za su shiga.

Da la'asar Salifu ya zo. Dogo ne, ya haura sittin, ya yi aiki a tashar jiragen ruwa ta Lome har ya yi ritaya. Ya gaishe ni gaisuwar da ba ta kai ciki ba. Ya saurari labarin canjin suna har ƙarshe, sannan ya ce, "Hajiya, ni na je da ƙafata. Na tsaya a titi kamar mahaukaci, yara masu gadi suna min dariya. Yanzu kuma da filin bakin teku ya fara daraja sai ga dangi sun fito da ƙyalle."

Kai! Na ji abin har tsakar kaina. Na miƙe tsaye na ce, "Malam Salifu, dube ni da kyau. Gidan da teku take lasa kullum zan baro Suleja in zo gado? Ɗakina na can ko ambaliya ba ta san hanyarsa ba. Ni ba gida na zo nema ba. Ka tsaya gaban mutane ka ce uwarka maƙaryaciya ce, na zo in gaya maka ba ita ta yi ƙarya ba, kai ne ka sauka a garin da ba shi ba."

Matan gida suka dubi juna. Ashe ba a yi masa magana haka. Ya ce ko da garinmu ya taɓa zama Abuja, wannan bai nuna an taɓa yin zane a bangon nan ba, kuma shi tayil zai sa, ya gaji da fentin da gishiri ke ci duk shekara. Na ce to ai kafin a sa tayil sai an kankare fentin ko? Ya ce haka ne. Na ce a kankare a gabana. Ya ce in ina so in kawo kujera ma.

Washegari na kawo kujerar kuwa. Mumuni ya ɗora katako a kan durom biyu ya hau ya fara kankara. Kore ya fita, ƙarƙashinsa shuɗi, ƙarƙashinsa rawaya, har aka kai tsohon shafen farar ƙasa. Na tashi na ƙura ido. Babu komai, 'yan uwa. Bango ne fari mai ƙuraje, shi ke nan. Na tuna Yaya Isa da tabaransa, na tuna tsohuwar da ke ɗaki tana jiran a ce mata an gani.

Mumuni ya sauko jiki a sanyaye. Su masu tayil ba sa ɗora siminti a busasshen bango, sai sun jiƙa shi. Ya ɗebi ruwa a bokiti ya watsa, don ya fara aikin da kawunsa ya sa shi. Ruwan ya gangaro, bangon ya fara shanyewa, sai na ga wasu wurare sun ƙi bushewa. Duk inda tsohon zanen ya taɓa zama ya bar tabo, tabon kuma ya fi riƙe ruwa. Layi ya fito baƙi-baƙi, ya lanƙwasa, ya shiga ƙarƙashin wani ya fito. Dagi ne.

Na ƙwala ihu na ce a kira Salifu. Kafin a same shi a majalisarsu ya taho a hankali yana gyara zani, rana ta shanye komai. Ya dubi farin bango, ya dube ni, ya juya zai tafi. Na sha gabansa. Na ce ba inda za shi. Na sa Fati da matan gida suka yi layi daga rijiya, bokiti na bin bokiti, Mumuni na watsawa. Muka tsaya ni da shi muna kallo har layukan suka sake fitowa.

Muka warware alawayyon muka ɗaga shi a gefe. Dagin dama ya hau, na hagu ya hau, igiyar ma murɗinta iri ɗaya, har inda ta ɗan karkace a kusurwa. Amma tsakiya ta ƙi. A namu faranti ne zagayayye. A nan wani abu ne babba mai faɗin gindi, gefensa a tsaye, samansa a ɗan baje, da tabo biyu a jikinsa.

Salifu ya ce, "Kin gani? Dagi ai kowane Bahaushe yana yi. Tsakiyar ba ɗaya ba ce."

An riga an fito da Gwaggo, tana tsaye Fati na riƙe da ita. Ta ce, "Ƙwarya ce a kife. Tun ina yarinya nake ganinta, ƙwarya a kife mai huda biyu. Na tambayi Baba me ya sa ya kifar da ita, bai ba ni amsa ba."

Na matsa baya, na ƙara matsawa har ƙafata ta shiga rairayi. Daga nesa na gane shi. Abin da nake gani duk ranar da na hau motar Madalla, tun ina goye.

Na ce, "Gwaggo, ba ƙwarya ba ce. Dutse ne. Dutsen Zuma ne, na bakin garinmu. Hudar nan biyu idanunsa ne, don fuska gare shi kamar ta mutum."

Mumuni ya saki bokiti. Shi da yake wuce dutsen safe da yamma a hanyar aiki. Ya laluɓo wayarsa ya nemo hoton da ya taɓa ɗauka, ya miƙa wa kawunsa. Salifu ya dubi waya, ya dubi bango, ya sake duban waya. Bangon ya bushe a gabansa bai ce a ƙara ruwa ba. Ya mayar wa Mumuni wayarsa ya shige gida.

Da safe ya aiko a gaya min tayil zai tsaya daga ƙasa zuwa ƙugu, inda gishiri ya fi ci. Sama kuma in yi abin da na ga dama. Ba shi ya faɗa min da bakinsa ba, ni ma ban je na yi masa godiya ba.

Aikin ya ci kwanaki. Mumuni ya ce siminti ba zai zauna a tsohon bangon nan ba, zai kulle gishiri a ciki ya ɓalle, sai irin abin da aka yi na farko da shi. Muka je bakin tafki wurin wasu mata da suke ƙona ɓawon kawa, wani irin dodon koɗin ruwa, su mayar da shi farar ƙasa, muka sayo, aka kwaɓa da yashin rafi da aka wanke. Ni kuma na zauna da basilla na bi layin alawayyon ina hudawa. Muka manna shi a bango daidai kan tabon, na ƙulla garin shuni a tsumma ina bugawa, ɗige-ɗige suka fito ta hudojin. A kansu Mumuni ya riƙa ɗora kwaɓin da ƙaramin cokalin gini yana murzawa da yatsa. Ni da ko kujera ba na son hawa, sai ga ni a kan durom, zani a ɗaure tamau, iskar teku na neman kwashe min mayafi, masunta sun bar jan taru suna kallona. Dagin hagu sau biyu yana zubowa. Na farko ruwa ya yi yawa, na biyu ni na taɓa shi bai bushe ba, Mumuni ya kore ni ƙasa da ladabi. Dutsen kuwa ba mu da shi a ƙyalle, sai muka riƙa jiƙa bango muna bin tabon da gawayi kafin ya ɓace.

Ranar da aka gama, Gwaggo ta sa aka kira Salifu. Ya zo ya durƙusa. Ta ce, "A gaban mutane ka faɗa. Je ka kira su."

Ya ce, "Inna, ai duk wanda ya wuce zai gani."

"Ban ce su wuce ba. Na ce ka kira su."

Dattijo mai furfura ya tashi ya bi zango gida-gida da ƙafarsa. Suka zo, maza da mata, har liman. Ya tsaya a bakin ƙofa ƙarƙashin zanen ya ce shi ne ya ɓata hanya, garin kakansa yana nan, ga 'yar gidan ta zo, abin da uwarsa ta faɗa duk gaskiya ne. Liman ya ce alhamdu lillahi, sai a yafi juna. Mutane suka ce haka ne, a yafi juna.

Gwaggo ta ce, "Ƙawayena da suka mutu suna ganin maƙaryaciya ce ni, wa zai je ya gaya musu?"

Ni dai a raina na ce madalla, Gwaggo, kada ki sauƙaƙa musu.

Sai ta ce a ɗaga ta. Idonta ba zai gani ba, hannu take so ta sa. Salifu ya ce za ta faɗi. Ta ce to ya riƙe ta. Shi da Mumuni suka ɗora ta a kan katakon, suna tallafe da ita ta kowane gefe. Ta bi dagin dama da yatsa har ƙarshe, ta bi igiyar, ta gyaɗa kai. Da ta zo kan dutsen ta shimfiɗa tafin hannunta duka, ta sa yatsu biyu a idanun, ta tsaya a haka.

Ta ce, "Rabi, a can gidanku bai sa dutsen ba?"

Na ce, "Bai sa ba, Gwaggo. A can ai yana ganinsa."

Can ta ce a hankali, ba da kowa take ba, "Ashe Baba gida yake so. Kullum yana zaune a nan yana kallon ruwa, na ɗauka ruwan yake so."

Da aka sauko da ita Salifu ya kama hannunta zai mayar da ita ɗaki. Ta fizge. Ta ce a kawo mata kujera nan ƙofar gida. Ya ce rana ta yi zafi, ta ce ta sha inuwa ta ƙoshi. Fati ta raɗa min cewa tun ranar da Salifu ya dawo daga waccan tafiyar, tsohuwar ba ta sake zama a ƙofar nan ba.

Ranar da zan taho a nan na bar ta. Na durƙusa na yi mata sallama, ta sa min albarka a gurguje, don ta ji takun wani yana wucewa. Mai tallan kifi ce, ba ma 'yar zango ba, ko Hausa ba ta ji. Ina shiga mota ina jin muryar Gwaggo a bayana tana ce mata, "Ke, tsaya. Ɗaga kanki ki duba."